Rasuwar Lasifikar Malam Illa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har yanzu ba a samu maƙwabcin da ya taya shi ɗauka ba, Malam Illa Rabilu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, lasifikarsa ta hannu, wadda ta yi shiru ranar Talata bayan doguwar rayuwar da ba ta taɓa barin kowa ya huta ba.

Marigayiya ta shigo hannun Malam tun yana sabon malami. Wasu masu rigakafi ne suka ba shi aronta suka manta, shi kuma kunya ta hana shi tuna musu. Tun daga nan ba ta zauna ba. Ita ke kiran mata awo, ita ke kiran maza gayyar yashe magudanar ruwa kafin damina, ita ke cigiyar akuya da ɗan akuya, kuma ba wanda ya rasu a unguwa ba ta faɗa ba. Kowa ya san muryarta: da fari "kiiiii", sai "fuu, fuu", sannan "jama'a, jama'a". Ba ta taɓa neman lada ba, an kuwa mutunta wannan hali nata, ba a taɓa ba ta ba. Manyan gari sun yi mata alkawarin takardar yabo, ana nan ana neman alƙalami.

Da Malam ya ajiye alli, sai ya ɗauki gurmi. Ƙurar allo ta riga ta cinye masa murya, to amma ga marigayiya. Kullum bayan la'asar sai ya zauna ƙofar gida ya kanga ta a baki, unguwa ta sha waƙa ba tare da ta roƙa ba. Alhaji Mas'udu mai shago ya kwashe majalisarsa ya koma bayan kasuwa, wai iska ta fi kaɗawa can. Tagogin da ake rufewa kuwa, Malam ya ɗauka mutane ne ke son su saurara a natse.

Ciwon ajali ya same ta a bakin aiki. Ta kira gayya, ruwa ya sauko, waɗanda aka kira suka tsaya cikin zaurukansu suna yi wa Malam sannu da ƙoƙari. Ta jiƙe sharkaf, muryarta ta koma ta kwaɗo. Uwargidan Malam, Huraira, wadda ta shahara da suyar gyaɗa, ta karɓi jinya. Ta binne marar lafiya cikin yashin kasko mai zafi, tana cewa, "Malam, ai ba abin da yashin nan bai busar ba." Ta bushe kuwa. Bakinta ma ya narke ya lanƙwashe. Huraira ta rantse alheri ta nufa, kuma tun ranar maƙwabta ke sayen gyaɗarta har da waɗanda ba su da haƙori.

Ta rasu ta bar gurmi, da igiyar ratayawa, da pil biyu, wato batura, da suka riga ta gajiya, da Malam Illa kansa. Jiya ya tsaya ƙofar gida ya gwada "jama'a" da bakinsa, muryar ba ta wuce itacen bedi ba. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Duk tsawon shekarun nan an ji shi ne dole, bai taɓa sanin ko akwai mai son jin sa ba.

Iyalai na ba da haƙuri da wannan sanarwa ta zo a rubuce, mai faɗa ce ta tafi. Liman ya ce babu salla, don haka za a rataye ta a ƙusar zaure. Zaman makoki ranar Juma'a bayan la'asar a gindin bedi, inda Malam zai kaɗa gurmi ya yi waƙa da muryar da ta rage masa. Duk mai son ji sai ya zo da ƙafarsa, ya zauna gwiwa da gwiwa.

Huraira ta ce ƙaramar tabarma ma ta isa. Malam ya ce a shimfiɗa babbar.