Ƙwarin Waken Sani

Kwalba shida ta wake da aikin hutu guda na ƙanena Sani na salwantar a Peckham da ke Landan. Zamanin kuɗin man fetur ne, na je sayen injin niƙa, na sauka a ɗakinsa. Jami'arsu ta ɗauke shi koyon bincike.

Yana fita na hango waken a taga, ƙwari fal. Ni da na girma a fataucin hatsi! Na sheƙe shi tas, na zuba barkono, na zauna jiran godiya.

Ya dawo ya dafe kai. "Yaya, ƙwarin nake kiwo! Su ne binciken!"

Na ce, "To, rubuta: barkono na korar su."

Sani ya sake aikin daga farko. Ni kuwa na samu muƙami: har yau 'ya'yansa Farfesa Barkono suke kirana.