Filon Aurena Yana Yawo a Jirginku

Zuwa ga Mai Girma Babban Shugaban Kamfanin Shimfiɗar Matafiya na Barci Lafiya, uban barguna, majiɓincin zannuwan gado, wanda duk kan da ya kwanta a jirgin ƙasa tsakanin Termiz da Tashkent a kan alherinsa ya kwanta.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, da fatan kai da iyalinka kuna kwana a kan filon da kuka sani, ni ne Normurod Eshkobilov, tsohon direban tarakta daga gefen Termiz. Ban saba damun manya ba. Abin da ya sa na yi ƙarfin hali shi ne filon aurena yana hannun kamfaninka, aurena kuma yana haramar bin sa.

Ka sani, ranka ya daɗe, a wajenmu idan aka ce mutum biyu sun ɗora kai a filo ɗaya, an yi musu aure ke nan. Ni da matata Tursunoy mun ɗora kai a namu sama da shekara talatin. Mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ita ta tsinko audugar da hannunta, ta cusa, ta ɗinke. Ga yadda aka yi ya koma ma'aikacinku.

Na farko. Ina roƙon a miƙa jinjinata ga gwanin da ke yi muku filo. Ban taɓa ganin wanda ya iya ɗinka riga ya manta da mai rigar kamarsa ba. A tafiyata ta bara na ninka filonku biyu, na ninka huɗu, na cusa takalmina a ƙarƙashi, duk da haka kaina bai samu labarin an kawo filo ba. Na sauka wuyana ya maƙale yana kallon hagu, na yi mako guda ina gai da mutanen da ba mu shiri. Shi ya sa da 'yarmu ta haihu a Tashkent, zan je ganin jika, Tursunoy ta sauko da filon auren daga kan akwati ta ce, “Baban yara, tafi da wannan, kada ka je wa surukai da wuya a karkace su ce harararsu kake yi. Amma ka sa masa rigar filon jirgi, kada ya kwaso min warin dafaffen ƙwan matafiya.” Na bi umarni. Da ƙyar rigarku ta shige shi, don ba ta taɓa haɗuwa da filo mai ƙoshin lafiya ba.

Na biyu. Wa aka auna kafin a yanka bargunanku? Ina so in san shi, in yi masa addu'a Allah Ya ƙara masa tsawo. In ka rufe ƙirji ƙafa ta yi ƙorafi, in ka rufe ƙafa ƙirji ya kama tari. Na gadon sama yana dahuwa, na gadon ƙasa yana daskarewa, taga kuma an ƙulle ta tun zamanin kakanni. A hanyar dawowa na kwana ina sulhu tsakanin ƙirjina da ƙafafuna, shi ya sa na makara, na tarar da layin banɗaki ya kai ƙarshen tarago.

Na uku, a nan ne zuciyata take tafasa, amma zan faɗa cikin ladabi. Ma'aikacinku na tarago, Ergash, mutum ne mai himma, Allah Ya ƙara masa. Tun jirgi bai hango Termiz ba yake kwashe shimfiɗa, ba ya kuma tsayawa duba ko da mutum a ciki. Na ga da idona ya naɗe wani tsoho a zanin gado ya saɓa a kafaɗa, sai da tsohon ya yi tari aka mayar da shi gadonsa. Ina layin banɗaki da sabulu a hannu ya bi ta wajen gadona. Na dawo na tarar da gadona fayau. Wata baiwar Allah da ke gadon da ke kallon nawa ta ce, “Yaya, kada ka damu, na ƙwato maka filonka, na sa maka a jaka.” Na yi mata godiya har da ba ta rabin gurasata.

A gida Tursunoy ta buɗe jaka, ta ɗago abin da yatsa biyu, ta juya shi ta ga tambarinku, ga shi siriri: filonku ne, ba namu ba. Ta ce, “Baban yara, wannan fa? Da wa ka ɗora kai?” Na ce da kamfani ne. Ta ce, “To, Allah Ya ba ku zaman lafiya, kai da kamfanin.” Tun daga ranar nake kwana a ɗakin ajiya tsakanin buhunan albasa, ni da filonku.

Na huɗu. Ina neman fatawa daga ofishinka mai albarka. Kowane dare sabon kai ne ke sauka a filon nan: sojoji, ɗalibai, 'yan biki, masu kai marasa lafiya asibiti. To ni yanzu mijin wa ne? Su kuma mene ne matsayinsu a gidana? In yi musu kallon surukai ko in kai su ƙara? Na je wurin dattijon unguwarmu, ya shafa gemu, sannan ya ce, “Normurod, aurenka bai mutu ba. A kan hanya yake. Yanzu haka ina jin ya wuce Karshi.” Shin kamfani ya yi tanadin wannan a ƙa'idojinsa, ko ni ne na farko?

Na biyar. Na gano filon, ranka ya daɗe, kada a ce ya ɓace. Na yi ta hawa jirgin nan, zuwa da dawowa, ina bi tarago-tarago ina latsa filo a ƙarƙashin kawunan mutane, na sha zagi iri-iri. Wata asuba sai wani ƙaton dillalin rumman mai suna Jumanazar ya zabura daga gadon sama yana ihu, “Na ji, na ji! Gobe zan gyara famfon!” Ya zauna yana share gumi, ya dube ni ya ce, “Yaya, wallahi ba ni da mata, ba ni da famfo. Amma tun da muka bar Samarkand wata mata ke min faɗa a kunne, wai famfo yana zuba, wai kuma ban gai da ƙanenta ba a wajen biki.” Hawaye suka zubo min. Ƙanen nan na san shi, da gangan na ƙi gaishe shi.

Na rungume filona, sai ga Ergash. Ya ce, “Baba, ajiye. Ba ka ga tambari ba? Duk abin da ke cikin rigar kamfani na kamfani ne. Kai ma in ka shiga, shi ke nan.” Na ce to mu cire rigar. Ya ce cire riga aikin sashen wanki ne a Tashkent. Na je sashen wanki, suka ce su riga suke wankewa, abin da ke cikinta ba huruminsu ba ne, in koma wurin Ergash. Daga baya na ji ainihin dalilin: duk fasinjan da ya kwana a filon nan da sassafe yake tashi, ya ninke bargonsa da kansa, ya share ƙarƙashin gado, har ya ba da haƙuri. An ce a sauran tarago-tarago ma ana aronsa. Ina taya kamfani murnar samun ma'aikaci na gari, sai dai ban ji an nemi izinin mai shi ba.

Ranka ya daɗe, bari in ajiye lamba in faɗa maka gaskiya. Na shekara talatin ina kukan faɗan matar nan. Yanzu ta daina. Faɗan yana jirginku ana raba wa baƙi, ni kuma na samu shiru, kuma ban taɓa jin abu mai nauyinsa ba. Ta kan tsaya gaban akwati ta daɗe tana kallon gurbin da filon mahaifiyarta yake. Ba ta kuka a gabana. Gaishe ni take yi da ladabi, kamar wanda ya zo karanta mita.

Yau da safe ta kawo min shayi, ta cika kofin har baki. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san wanda ake so ya daɗe kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya yi ta miƙo kofi, wanda aka cika wa kuwa an ce masa ya shanye ya kama hanya. Tun da muka yi aure ba ta taɓa wuce min rabi ba.

Saboda haka ina durƙusawa gaban kujerarka mai daraja, a tuɓe wa filona rigarku, ku riƙe rigar, ku karɓi naku da ke wurina, lafiyarsa lau, ko kaɗan bai ƙara ƙiba ba. Kofin yana gabana yanzu, ya huce. Ban sha ba, kuma muddin ban sha ba, ba wanda zai ce an sallame ni. Ina roƙonka da girman Allah ka hanzarta, don na ji ta sake ɗora buta a wuta.

Naka mai biyayya, mai ɗaga hula ga duk wani bargo da ke ƙarƙashin ikonka,

Normurod Eshkobilov,
Ɗakin albasa, gefen Termiz.