Rasuwar Zakara, Dutsen Gugar Habila na Bayan Gari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tare da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, ni Habila, mai wanki da guga a Bayan Gari cikin garin Bauchi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa rigar da ta fito daga hannuna, rasuwar abokin aikina, dutsen gugar gawayi da aka fi sani da Zakara. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, yana kan aiki, bayan shekara goma sha ɗaya a gidana.

Marigayin ya shigo gidan nan a shekarar 1951. Matata Matta, Allah ya ba ta hutawa, ita ta ɗauko shi a ka daga kanti, naɗe cikin zane, ta dire shi a gabana ta ce, "Ga shi nan. Daga yau ka daina aron na mutane." Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, da mariƙin katako, da ɗan zakara a goshi wanda ake turawa a kulle murfi. Daga nan ya sami sunansa.

Shaidarsa mai kyau ce. Ba ya cin komai sai gawayin ƙirya da matan Zungur ke kawowa, kuma cikinsa ɗaya yakan kai shi riga takwas. Bai san babba da yaro ba. Yadda yake bi ta kan kakin akawun En'e, haka yake bi ta kan ɗan kamfan yaron makaranta. Ba mai surutu ba ne. In an kulle shi ya ce ƙwas, in ya taka rigar da aka yayyafa wa ruwa ya ce tsss, iyakar maganarsa ke nan. A makon bikin samun 'yancin kai ya yi kwana huɗu ba a bar tokarsa ta huce ba, don kowa na son ya fita fili da karin guga. Yaran da suka yi maci ran nan, da yawansu shi ya miƙar musu da kwala.

A lokacin ganiyarsa ƙofar ɗakina ba ta rabuwa da mutane. Mai kawo kaya ba ya ajiyewa ya juya. Sai ya zauna a benci ya jira, hira ta ɓarke, Matta ta miƙo kunu. A bencin nan na ji labarin zaɓe, da na layin dogo da aka ce yana tafe, da na wanda aka yi wa ƙarin girma da wanda aka tsallake. Da Matta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarmu Liatu kuma ta tafi aikin jinya a Jos, shi da mutanen bencin nan ne suka hana ɗakin yin shiru.

Rashin lafiyarsa ya faro ne daga waje. Tun tuni akwai lantarki a Bariki, amma tsadarsa ta sa ko akawu bai iya ja zuwa gidansa. Bara sai aka yi shela cewa hukuma ta rage kuɗin wuta ga gidaje, don ƙananan ma'aikata su ma su samu. Ina shaida wa Allah na yi murna. Na ga yaran da ke karatu da aci-balbal har idonsu ya yi ja, kuma ba zan yi baƙin ciki da haskensu ba. Aka kafa turaku, aka ja waya, aka liƙa mita a zaurukan mutane. Turken ƙarshe ya tsaya gida uku kafin nawa. Ba a jima ba Obiefuna mai kanti ya jera dutsen guga na lantarki a tagarsa, fari ƙal, marar nauyi, ba toka ba hayaƙi.

Ba wanda ya zo ya ce mini ya daina. Wannan ya rage zuwa, wancan ya riƙa gaishe ni daga kan keke. Marigayin da ba ya hucewa sai ya koma kwana uku, kwana huɗu a kan kanta, da sanyin ciki. Ƙarfen da ya saba da wuta ba ya son zama. Tsatsa ta kama masa maɗaurin murfi, ƙasansa ya soma wani siririn layi kamar gashi.

Mutum ɗaya ya rage, Malam Mansir, akawun ofishin gona. Kowace Alhamis yakan zo da farar riga ɗaya ta Juma'a, ya zauna a benci har in gama. Na san akwai na lantarki a gidansa, don na ga matarsa ta fito da shi daga kantin Obiefuna. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ranar Alhamis ɗin nan na zuba garwashi, na fifita, na kulle. Ya ce ƙwas kamar kullum. Na gama hannu ɗaya, na hau gaban rigar, sai na ji ƙauri. Ina ɗagawa na ga ƙasansa ya dare biyu, garwashi ya zubo kan aikin wuyan. Ramin da ya yi, yatsu uku za su shige.

Na ajiye shi a gefe. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ƙona wa kowa ko ɗankwali ba.

Malam Mansir ya tashi ya kakkaɓe rigar da hannunsa. Ya ce, "Baba Habila, bar shi. Dama ta tsufa." Ya ninke ta, ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "Dama yau na zo in yi maka sallama ne. An mai da ni Kaduna. Ranar Lahadi za mu tashi."

Na ce Allah ya sa alheri. Na raka shi har bakin hanya.

Da azahar na kai marigayin wurin Mika'ilu maƙeri. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce, "Habila, ƙarfen zubi ne, ba ya karɓar ɗinki. Ka bar mini shi in zuba cikin tarkace, ko ka sayi sabo." Na ce sabo don wa? Na naɗe shi a ƙyalle na dawo da shi gida.

Marigayin ya rasu ya bar teburin guga mai ƙafa ɗaya gajera, da tsohon bargon da ake shimfiɗawa a kai, da mafici, da rabin buhun gawayi, da ni. Bai bar magaji ba. Ba na riƙe da kowa a zuci, ba hukuma ba, ba Obiefuna ba, ba matan da yanzu ke guga a inuwar ɗakinsu ba tare da hayaƙi ya shiga idonsu ba.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da hantsi, a bayan ɗakina, gindin bishiyar gwanda. Mika'ilu ya ce zai zo da diga in aiki bai riƙe shi ba. In ya riƙe shi, zan haƙa da fartanya, ramin ba mai zurfi ba ne. Za a yi zaman makoki Asabar da Lahadi bayan an taso coci. Ba a buƙatar gudummawa, kuma akwai wurin zama.

Liatu ta aiko wasiƙa karo na uku cewa in tattara in koma wurinta. Wannan karon na amsa. Motar Jos za ta tashi Litinin da safe. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san yana da kaya a wurina ya zo ya karɓa kafin nan. Akwai riga uku da wando ɗaya a cikin akwati, a wanke, a goge, a ninke tun bara. Na san masu su, amma ba zan kira suna ba. Su zo kawai, ko da don su ɗan zauna ne.