Ƙanzon Gidan Surukai

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai ɗauko Turanci ku zo kuna auna shi a kan tsofaffi, kamar mu muka aike ku. To ku saurari abin da ya sami Nafi'u.

Nafi'u ya dawo hutun Sallah daga makaranta da wata kalma a baki, wai bambuzul. Ya ce da kakarsa, Iya Tasalla, ma'anarta ka rikita mutum har ya kasa bambance damansa da hagunsa. Ana faɗinta kuma in an yi wa mutum wayo, ko in wasa ake yi da hankalinsa.

Iya ta ce, "Maigida, duk wannan karatun na rikita mutane aka tura ka?"

Ya ce, "Bari dai, tsohuwa, sai na gwada a kanki."

Ita Iya ba ta rubuta suna a kwano. Da faifai take gane rabonta. Ranar Sallah ta jera kwanuka a tsakar gida. Mai jan faifai, shinkafa da soyayyar kaza, na gidan Malam Tukur ne, uban Barira, yarinyar da aka kai wa Nafi'u gaisuwarta. Mai baƙin faifai kuwa ƙanzon tukunya ne, na maƙwabciya mai awaki. Nafi'u bai san wannan ba. Da Iya ta shiga alwala, ya lallaɓa ya bi faifan nan ya musanya su kaf, ya koma zaure yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Yara suka ɗauka suka kai yadda faifai ya nuna.

Ba a jima ba maƙwabciya ta shigo tana zuba godiya, maiƙo har haɓa, wai bana Iya ta tuna da ita. Iya ta dubi Nafi'u. Nafi'u ya dubi ƙasa. Kafin ya buɗe baki sai ga saƙo, Malam Tukur na nemansa.

Ya kama gefen zanen Iya. "Don Allah ki zo ki yi masa bayani. Wallahi zai iya fasa ba ni ita."

Iya ta ce, "Ni da aka rikita? Ai ban ma san hanyar gidan ba."

Haka ya tafi shi kaɗai. Ya tarar da zaure cike da baƙi, kwanon nan a tsakiya a buɗe. Ya durƙusa ya fara. "Baba, ba raini ba ne. Wata kalma ce, bambuzul. Kakata ce na so in ɗan rikita, to ita kalmar..."

Malam Tukur ya saurare shi har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya tura masa kwanon da tsinin sandarsa, ya ce in yana son maganar Barira ta tsaya, a ga gindin kwanon nan yanzu.

Nafi'u ya fara garzar ƙanzo, ba ruwa, ba ƙuli. Ƙarar tana kaiwa har cikin gida, ana jiyo dariyar mata. Da haƙori ya gaza ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Baba, ƙanzon nan fa ya bushe."

Malam Tukur ya ce, "Wane ƙanzo, ɗana? Kaza ce. Idonka aka yi wa bambuzul."