Rasuwar Ɗan La'asar na Shagon Alhaji Lawwali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tsiyaya, ni Sufyanu, mai buga rasit a shagon sari na Alhaji Lawwali da ke bakin kasuwar Illela, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki na nan gida da na Ƙonni rasuwar abokin zamana, Ɗan La'asar, wanda ya bar mu ranar Talatar makon jiya, bayan gajeriyar jinya da doguwar hidima. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ba mutum ba ne, ba dabba ba. Aiki ne da ke zaune cikin kwamfutar shagonmu, mai tashi da kansa kullum ba tare da an tashe shi ba. Yakan kwashe duk abin da aka shigar na kaya da ciniki, ya kwafe, ya kai ma'ajiya ta biyu, don ko wata rana kwamfuta ta yi gardama kada a wayi gari ba a san abin da ke cikin sito ba. Sunansa na yanka da Faransanci yake, domin daga Ƙonni, tsallaken iyakar Nijar, aka sayo kwamfutar, kuma duk shagon ba mai iya furta shi. Sai muka raɗa masa suna da lokacin fitowarsa.

Mai gyaran da ya haɗa mana shi mutum ne mai hankali. Ya saita shi ya riƙa tashi daidai lokacin da ake jan ƙofa a tafi sallar la'asar, don kada ya takura wa kowa. A ƙuruciyarsa kuwa, kafin liman ya sallame ya gama. To, ciniki ya buɗe, bayanai suka taru, marigayi ya yi jiki kamar kowane magidanci da Allah ya buɗa wa. Sai a dawo daga masallaci a tarar ko rabi bai kai ba. In yana aiki kuma ba a yi masa magana: kwamfuta ta ƙame, ba rasit, in ba rasit ko kwalin ashana ba ya fita. Mai gyara ya tafi Agadas bai dawo ba. Wurin sauya lokacin duk Faransanci ne, Alhaji kuma ya kafa doka cewa abin da ba ka jin yarensa ba ka yi masa gyara. Haka ya rayu cikin mutuncinsa, ba mai taɓa shi.

Jama'a sun shaide shi da cika alkawari. Bai taɓa makara ba, ko ranar salla. Bai san babba da yaro ba: mai tirela da mai katan ɗaya duk benci guda yake zaunar da su. Yana da murya, wayyo, yana da murya! Yakan fara da gyaran murya, kirrr, sannan ya shiga kat-kat-kat, kat-kat, fankarsa na amsa masa da fuuuu. Wani koren layi yakan riƙa jan ciki a fuskar kwamfutar, ya kai gab da ƙarshe ya tsaya yana nazari, kamar dattijon da ya zo bakin ƙofa ya manta abin da ya kawo shi. In ya gama sai ya ce ting! Sau ɗaya tak, ba ya maimaitawa. Abu mai shayi ya sayi tebur na biyu albarkacin wannan jira. An sasanta 'yan canji biyu a bencin nan, don ba inda za su je sai dai su gaisa.

Amma ni abin da ya yi mani ya wuce shayi.

Kunya ta so hana ni faɗin suna, amma tunda Abu ya riga ya gaya wa rabin kasuwa, Na'ima ce, ɗiyar Malam Nu'man mai makarantar Islamiyya. Da safe tana koyar da yara mata, don haka sai bayan la'asar take zuwa kowace Lahadi ta sari sabulu da taliya ga mahaifiyarta mai sayarwa a cikin gida. Wato daidai hannun marigayi take faɗawa. Da fari gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana ta tambaye ni mi wanga koren layi ke yi da ba ya gajiya da ɓata wa mutane lokaci. Na buɗe baki na yi mata bayanin ma'ajiyar bayanai tun daga tushe, gumi na zuba, har aka ce ting, ta ce ita dai ta gane layin ya fi ni saurin kai ƙarshen zance. Na kwana uku ina jin daɗin wannan zagi.

Daga nan na fara ba ta aron littattafai, tana maido su da gyaran fensir a inda na yi sharhi. Na karanta mata waƙar da na rubuta, ta ce baiti na biyu yana ɗingishi. Duk a fili, gaban jama'a, Alhaji na jan carbi a kujerarsa. Mutane na tsaki suna roƙon layi ya cika, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ƙara masa nauyi. Na karanta labaran masoya da yawa, wasu kogi ya haɗa su, wasu rijiya, wasu ruwan sama. Ni kwafin bayanan taliya ne ya haɗa ni da tawa, kuma ba na jin na fi su ƙasƙanci. Magana ɗaya ce ban faɗa ba, babbar. Kowace Lahadi sai in ce ai marigayi na nan, sai mako mai zuwa.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da jan rubutu. Yakan fito da wani gargaɗi da Faransanci, mu danna masa abin da muke zaton «to» ne, ya ci gaba. Ranar wata kasuwa ya tashi bayan la'asar bai sauka ba har aka kira magariba. Motar 'yan sarin garin Lafani ta gaji da jira ta tafi ba kaya. Alhaji ya ajiye carbi, abin da ban taɓa gani ba, ya sa aka kira ɗan ƙanensa Jabir, wanda ya dawo daga karatu a Yamai yana jin Faransanci kamar ruwa.

Jabir ya duba shi yana riƙe da kofin shayi a hannun hagu. Ya ce cuta uku ce: lokacin bai dace ba, yana kwafe komai tun daga ranar buɗe shago kowace rana, kuma ba ya zubar da tsofaffin kwafi har ma'ajiya ta cika. Ya cire wata 'yar alama daga wani ɗan akwati. Shi ke nan. Ko shure-shure bai yi ba. A gurbinsa ya kafa wani sabo, mai tashi bayan an rufe shago, mai kwafe na ranar kawai, babban kwafi kuma sai Juma'a. Ya kulle wurin da lambar sirri, ya shanye shayinsa da sauran zafi.

Jabir na cewa wai ba mutuwa ya yi ba, sauya masa lokaci aka yi. Ina girmama iliminsa. Amma wanda ba ka ƙara jin muryarsa, ba ya ƙara tsayar maka da kowa, mi ya rage?

Lahadin da ta biyo baya Na'ima ta zo. Na shirya maganata tun asuba. Na danna, rasit ya fito fit, tun ban gama amsa sallamarta ba. Ta karɓa, ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta ɗan tsaya kamar mai jiran wani abu. Wanda ke bayanta a layi ya ce a matsa. Jabir kuwa, wanda ba shi da mata kuma yana da sabon babur, ya yi mata sannu da wani irin lanƙwasa harshe da ban so ba.

Marigayi ya rasu ya bar ƙanne biyu a cikin kwamfutar: mai shara, da ke goge tarkace duk ƙarshen wata, da mai tsegumi, da ke aika wa Alhaji saƙo in sukari ya kusa ƙarewa. Ya bar magajin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Ya bar Abu da tebur biyu da mai shan shayi ɗaya. Ya bar ni.

Game da jana'iza: ba gawa, don haka ba wanka ba likkafani. Na so in tambayi Malam Nu'man ko ana yi wa irinsa salla, kawuna Maccido ya ce in na kuskura na kai wa Malam wannan tambaya, to in nemi wani kawun da zai shige mani gaba zuwa gidan nan da goro. Saboda haka zaman makoki kawai za a yi, ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar, a ƙofar shago. Alhaji ya yarda in tashi daga kan kwamfuta gwargwadon yadda marigayi kan ɗauka ranar da yake lafiya, Jabir zai riƙe mani rasit, an kuma roƙe shi ya riƙe shi da Hausa. Shayi na wuyan Abu. Ba a buƙatar kuka, na ɗauki nauyinsa.

Kawu Maccido ya ce hularsa na nan a goge, alama kawai yake jira. Don haka wadda ta san kanta, in ta karɓi rasit ta tsaya yi mani gaisuwa, zan faɗi abin da na daɗe ina ɗagawa, a gaban kowa, ko da ɗingishi, Kawu kuma ya kama hanyar gidan Malam ranar Juma'a. In kuwa ta karɓa ta wuce, ana roƙon jama'a kada su watse, a ƙara ruwa a butar shayi, makokin na mutum biyu ne.