Ranar da Na Gasa Rago da Ƙofar Kafilina

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da kafilina, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki a Saudiyya, ya sayi wani tsohon gida a ƙauye, can bayan Dir'iyya ba. A lokacin ni ne shugaban ma'aikatansa na gini a Riyad, iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma ta kusa ƙarewa. Bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba.

Gidan dogo ne kamar makarantar firamare: dutse daga ƙasa, jar laka daga sama, ɗakuna a jere, turken awaki a ƙarshe. Ranar da ya kai ni, ya shafa bangon kamar mai lallashin jariri, ya ce, "Ka gyara min shi kafin in dawo daga hutu. Zan kawo baƙi."

Na ce, "Ɗal umrak, ranka ya daɗe, an gama."

A raina kuwa tausayinsa na ji. Attajiri guda, an cuce shi da kango! Ni a gidan laka na tashi (kowace damina da ƙwarya muke tare ɗigon ruwa), na san maganin irinsa. Na sa aka lafta wa bangon siminti ciki da waje, aka bi da fenti ruwan hoda. Azarar da ta yi baƙi da hayaƙi na rufe ta da silin mai fitilu masu canja launi. Ƙasa tayil, mai santsi har da ɗaukar ido. Sai tsohuwar ƙofar katako mai zane-zane da suka koɗe. Na cire ta na jefar bayan gida, na sa ta ƙarfe mai ruwan gwal.

Sabo, birkilanmu ɗan Funtuwa, ya ja da baya ya ƙare wa gidan kallo, ya ce, "Wallahi Oga, sai ka ce gidan sanata!" Kaina ya ƙara girma.

Ranar da zai zo, don neman suna har rago na sa aka yanka. Itace ya yi ƙaranci, na ce wa Sabo ya faskara wannan banzar ƙofar. Busasshiya ce, ta ci wuta kamar an zuba fetur.

Motoci suka tsaya bayan la'asar. Ina jiyo shi tun daga nesa yana faɗa wa baƙinsa cewa yau za su ga yadda kakanni suka zauna. Da suka shawo kwana suka ga gidan, sai ya ja ya tsaya cak. Ni ina gefe, cikin sabuwar jallabiya, ina ta washe baki.

Wani tsoho cikin baƙin ya tambaya a hankali, "Asibitin haihuwa ne?"

Kafilina ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Bango a bar shi. Ina ƙofar? Saboda ita na sayi gidan."

Na kalli Sabo, Sabo ya kalli sama. Sai na nuna garwashin da ragon ke kai. A gefe ga guntun katako bai gama ci ba, da sauran zanen ja da shuɗi a jiki. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ina, ai na riga na sa tayil.

Baƙin suka cinye ragon tas. Tsohon nan har ya yaba ƙamshin itacen.

Iƙama dai an sabunta, amma ba don an yafe min ba. Cewa ya yi ba inda za ni sai na ɓamɓare simintin nan da kurfi da guduma, a hankali, kada in ji wa laka ciwo. Rani guda na yi ina wannan aiki.

A nan na gane cewa gidan laka talauci ne idan ba ka da wani wurin kwana. Idan kana da bene mai na'urar sanyi a cikin gari, sunansa tarihi, kuma ba a barin irina su taɓa shi sai da mai gadi.