Jar Tutar Baba Tanko

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gwada gadon gidanmu a gaban surukina ba.

Tun ina yaro kakata Hajja ke ba mu labarin mahaifinta, Baba Tanko, wanda ya yi soja zamanin Turawa a sansanin horo na Zungeru. Takan ce da asuba ake busa musu bigila, su kwanta rub-da-ciki, su ɗora bindiga kan buhun yashi, su riƙe numfashi. Can nesa kuma akwai masu duba allon harbi, a ɓoye cikin rami. "Duk sanda Baba ya harba," in ji Hajja, "sai an kaɗa masa jar tuta daga ramin, sansani duka ya ɗauki sowa." Da wannan tutar na girma. Ko a cikin abra, ƙaramin kwalekwalen da ke tsallakar da ni daga Bur Dubai zuwa Deira, in na lumshe ido sai in gan ni da jar dara da gajeren wando, ƙura na tashi, tuta na kaɗawa domina. (Ni da ko danƙo ban taɓa harba ba, aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki.)

A 2018 Baffa Sule ya zo Dubai duba idonsa. Shi ne waliyyin Maryam da nake nema, tsohon soja ne, kuma an faɗa mini in bai ce to ba, magana ta mutu. Muna cin shinkafar biryani a unguwar Al Ras bakina ya ja ni, na zayyana masa labarin tuta, har na ƙara da cewa harbi a jininmu yake. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haka ne? To gobe ka kai ni filin harbi, mu ga jinin."

Washegari muka je wani fili a bayan gari. Mai koyarwa ya fara bayani, na ɗaga masa hannu (Allah ya yafe mini) na ce na sani. Ya ce da Larabci, "Yalla, habibi," wato to bismilla, abokina. Na kwanta, Baffa ya kwanta a layin dama da ni. Ina kafa gindin bindiga a kafaɗa, Dubai ta ɓace. Na ji bigila, na ji ƙamshin ciyawar da raɓa ta jiƙa, har na ji kamar hannun Baba Tanko a kan nawa. Na riƙe numfashi, na ja kunama sau biyar, zuciyata fes.

Aka kawo takardun allon harbinmu. Tawa fara tas, kamar yanzu aka fito da ita daga shago. Ta Baffa kuwa da huda ɗaya can a gefe, alhali bai ko sa harsashi ba tukuna.

Baffa ya daɗe yana dariya har da share hawaye. Sannan ya ce, "Ɗana, Hajjarku ba ta yi ƙarya ba. Amma a ƙa'idar da, wanda ya saɓa allo gaba ɗaya shi ake kaɗa wa tuta, don kowa ya gani. Lalle ka gaji kakanka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina shi ke nan, Maryam ta tafi.

A mota ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ka turo magabatanka. Mijin da ba ya samun abin da ya auna, ai 'yata ta tsira daga duka."

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Hajja kam ban faɗa mata ba har ta rasu, na bar mata tutarta. Ni dai na koyi cewa kafin ka yi alfahari da sowar da aka yi wa kakanka, ka fara tambaya me ya sa aka yi ta.